Rumbun da Ba Ya Cikin Gidanmu

A farkon watan Satumba na 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, amma Anka da Gummi da Bukkuyum suka ci gaba da jira. Mutane na ƙetarawa maƙwabtan jihohi saboda kira ɗaya tak. Mu masu rubutu a waya kuwa, a lokacin muka gane abin da ba mu taɓa tambaya ba: ashe wasu labaranmu ba a aljihunmu suke ba. Wanda ya adana babinsa a intanet kawai, ga waya a hannu, ga caji, babu babi.

To ina suke? Suna inda Turawa suka laƙaba wa suna gajimare. Sunan yana ruɗarwa, don babu abin da ke sama. Gine-gine ne a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci da na'urorin sanyaya su, suna shan lantarki dare da rana. Idan muka ajiye rubutu a Google Drive, ko muka ɗora labari a Wattpad, hayar gurbi muka yi a kwamfutar wani. Kamar manomi ne ya kai gerensa rumbun wani gari: gobarar gidansa ba za ta taɓa shi ba, amma ranar da aka tare hanya, da yunwa zai kwana.

Tunanin ya girme yawancinmu. A 1961 wani masani, John McCarthy, ya faɗa a jami'ar MIT ta Amurka cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta ga jama'a kamar yadda ake sayar da layin tarho. A zamanin kwamfuta guda takan cika ɗaki, sai manyan hukumomi ke iya sayenta, shi ya sa aka ƙirƙiro dabarar da mutane da yawa za su yi aiki da guda ɗaya a lokaci guda, kowa daga teburinsa. A 1969 aka fara haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i ta ARPANET, kakar intanet. Hotmail ya zo a 1996, Gmail a 2004. A 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar ma'ajiya da ƙarfin kwamfutocinsa ga duk mai kuɗi, gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Google Drive sai 2012.

Mu a nan ta waya abin ya iso mana. GSM ya shigo Najeriya a 2001, wayar ƙarƙashin teku ta MainOne ta fara aiki daga Legas a 2010. Saƙon da muka tura daga Bukkuyum sai ya hau turken sabis, ya bi wayoyi zuwa kudu, sau da yawa ya ratsa teku kafin ya sami wurin kwana. Ko'ina a wannan doguwar hanya ana iya samun tsaiko. A Maris na 2024 wayoyin teku da dama suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi ta rarrafe a Najeriya har bankuna suka ji a jikinsu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi yanke sabis ciwo, wato mai rumbun ya rufe ya tafi. Yahoo Groups, inda masana da marubutan Hausa suka yi shekaru suna muhawara kan finafinai da littattafai, an goge kayan cikinsa, aka rufe shi gaba ɗaya a Disamba 2020. OkadaBooks, wanda marubutanmu da dama suka sayar da littattafai a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Wanda ba shi da kwafi a gida, sai ya koma roƙon masu karatu ko wani ya adana.

Kada wannan ya sa mu ce takarda ta fi. Kakanninmu malamai a gafaka suke adana littafi, kuma ba su taɓa yarda da kwafi ɗaya ba, shi ya sa almajirai ke kwafa da hannu. Sun san gara, sun san gobara. Mu ma mun ga ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a daminar 2024. Littafin rubutu da ke ƙarƙashin katifa bai da mafita a irin wannan dare, alhali wanda ke Drive ko digon ruwa bai taɓa shi ba. Haka in an ƙwace waya a hanya.

Wasu ƙananan abubuwa ne suka fi kayar da mu. WhatsApp, inda yawancinmu ke sakin labari shafi-shafi, ba ma'ajiya ba ce: da saƙo ya isa, ba ya zama a kwamfutocin kamfanin, sai in mun kunna ajiyar hira da kanmu. Google yana ba da giga 15 kyauta, wanda ya ishi rubutun rayuwa guda in hotuna da bidiyo ba su cinye shi ba, amma tun Disamba 2023 yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a buɗe ba. A Google Docs kuma akwai maɓallin da ke sa a iya buɗe rubutu ba tare da data ba, kuma babi-babi ake kunna shi, tun da sauran sabis. Da an kunna shi kafin Satumba 2021, da babin nan yana cikin waya, ana ci gaba da rubutu a Anka har layi ya dawo. Kwafi na uku kuma ya tafi memori ko filash, a ajiye shi gidan ɗan'uwa a wani gari, a rubuta kalmar sirrin asusun a takarda a haɗa da shi.