Ƙungiyar Raina Kama da Buɗe Ƙofa ga Sababbin Marubuta Ƙagaggun Labarai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun hanyar da sabon marubucin Hausa yake bi kafin rubutunsa ya zama littafi. Za a nuna cewa babbar damar da ya taɓa samu ta zo ne lokacin da marubuta suka haɗa kai suka riƙe ɗab'i da kasuwa da hannunsu. An ɗauki ƙungiyar Raina Kama ta Kano a matsayin misali, sannan a duba abin da tarihinta zai koya wa masu sha'awar rubutu a garuruwa irin Keffi.

2.0 Zamanin Gasa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ɗan gasa ne. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Ta Sashen Al'adu na Tarayya kuwa ta kawo Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982.

Abin lura shi ne ƙofar ƙunci gare ta. Alƙalai kan zaɓi littafi uku ko biyar, ragowar su koma akwati. Kamfani kuma idonsa na kan littafin da zai shiga manhajar makarantu. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin SAP a 1986, takarda ta yi tsada, sai wannan 'yar ƙofar ma ta kusa rufewa.

3.0 Kafuwar Raina Kama

A daidai wannan lokaci ne ɗaliban shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da na azuzuwan yaƙi da jahilci suka tasa. Masu karatu sun yawaita, abin karantawa ya ƙaranta. Matasa a Kano suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka dunƙule a ƙungiyoyi, kamar Raina Kama da Kukan Kurciya da Ƙungiyar Matasa Marubuta. Fitattun 'yan Raina Kama sun haɗa da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, da Balaraba Ramat Yakubu.

Sunan kansa amsa ce ga masu ƙyama, domin an ciro shi daga karin maganar nan, raina kama ka ga gayya. Yawancin 'yan ƙungiyar ba su yi jami'a ba. Balaraba an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatun manya. Amma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ya kai ga fassara zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012.

4.0 Abin da Ƙungiya ta Ba Sabon Marubuci

Na farko, ta ba shi suna. Tambarin ƙungiya a bangon littafi ya zama lamuni ga mai saye, ko da bai taɓa jin marubucin ba. Na biyu, ta yi masa talla, domin akan jera sunayen littattafan 'yan'uwa a cikin kowane littafi. Ta haka farin jinin In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya ja wasu a baya. Na uku, ta nuna masa hanya: wace maɗaba'a, wane mai zanen bango, wane dillali a kasuwar Sabon Gari ta Kano zai karɓi kaya ya aika Sakkwato ko Maraɗi. Wannan sani ba a makaranta ake samunsa ba, a bakin na gaba ake jin sa.

5.0 Suka da Rauni

Manazarta ba su bar abin ya wuce ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su, aka daɗe ana muhawara a jaridu. Furniss (1996) da Larkin (1997) sun kai batun ga masana na waje. A ganina, sukar da ta fi nauyi ita ce ta tacewa: an keta ƙa'idojin rubutu, littattafai da dama kuma sun fito babu shekarar bugu, abin da ke wahalar da mai bincike har yau. Rauni na biyu shi ne jarin na ɗaiɗaikun mutane ne. Da fim ɗin bidiyo ya bunƙasa a shekarun 1990, manyan 'yan ƙungiya suka karkata can, sai rumfar da ƙanana ke fakewa ta yi sako-sako.

6.0 Darasi ga Keffi

A nan Keffi, inda aiki ya kawo ni, Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin Bahaushe da Gwandara da Eggon da Mada, musamman a unguwa irin Sabon Gari. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kafa jami'ar jihar a garin, matasa masu karatu suka ƙaru. Labaran wannan zaman gamin-gambiza ba Bakano ne zai rubuta su ba. Wayar hannu ta sauƙaƙa isar da labari ga mai karatu, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma ta buɗe wa mata ƙofa tun 2016. Sai dai gasa zaɓe take yi, ba reno ba, waya kuma ba ta gyaran rubutu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Raina Kama ta ba sabon marubuci suna da talla da hanyar kasuwa, ta kuma gaza wajen tacewa da tara jari na haɗin gwiwa. Duk ƙungiyar da ta tashi a Keffi ko wani gari makamancinsa, can ya kamata ta soma: zaman karatu inda ake gyara rubutun juna, da asusun adashi na buga littafi, da ajiye kwafin kowane aiki tare da shekararsa. Mu malaman jami'a kuwa, tacewar nan aikinmu ce, kuma ta fi amfani kafin littafi ya fita.