Daga Allon Aji Zuwa Rumbun Manomi: Nazari Kan Karatun Tattalin Arziki

Abin da ake fara zana wa ɗalibin tattalin arziki a ajin farko na jami'a layi biyu ne da suka gitta juna, ɗaya na buƙata, ɗaya na yawan kaya a kasuwa. Inda suka haɗu, nan farashi ke tsayawa. Darasin ba ya wuyar shiga kai, domin duk wanda ya ga gero ya yi araha da kaka, ya yi tsada da tsakiyar damina, ya riga ya san rabinsa. Sai dai zanen yana tsaye ne kan sharuɗɗa: kowa ya san farashi, ba mai juya kasuwa shi kaɗai, kuma ba abin da ya haɗa mai saye da mai sayarwa sai ciniki.

A aji biyu da uku lissafi ke karɓe ragama, da yawa su sare, wasu su koma hadda. Ba na tare da masu cewa a rage shi. Mai awo ba ya raina mudu.

Digiri na biyu da na uku kuwa, aikinsu tuhumar waɗancan sharuɗɗa ne, kuma ƙasar Hausa ta ba wannan fanni misalai masu nauyi. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, littafinta na 1972 ya nuna irin ratar da ke tsakanin manoman gari ɗaya, waɗanda masana ke yi wa kuɗin goro. David Norman, daga Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta rage asara.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Christopher Udry. Tsakanin 1988 da 1989, yana ɗalibin digiri na uku, ya bi sawun bashi a ƙauyuka huɗu na ƙasar Zazzau. Ya tarar ana ba da rance ba takarda, galibi ba jingina, ba a yanka ruwa tun farko. Idan gonar mai cin bashi ta ƙi, sai a sassauta masa. Idan kuma mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, sai a biya shi da ƙari. Wato bashin kansa inshora ne tsakanin mutanen da suka san sirrin rumbun juna. Zanen ajin farko ba shi da gurbin wannan, amma da lissafin aji uku aka tabbatar da shi.

Abin da ke damuna, kundaye da yawa a yau alƙaluman Babban Banki ne aka sauke daga intanet, aka zuba wa kwamfuta, ba a tambayi ko mai shago ɗaya ba. Ina roƙon malamai masu duba kundi su tura ɗalibansu kasuwar Dawanau da littafi da biro, ko da na damina ɗaya ne.