Shaɗaranji da Dara a Zangon Kumasi

Tun kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a shekarar 1896 akwai Musulmi zaune a cikinta, domin Bowdich da ya zo a 1817, da Dupuis da ya biyo sawunsa a 1820, duk sun tarar da malamai suna rubuta wa Sarkin Asante Osei Bonsu layu da wasiƙu, shugabansu kuwa shi ne Muhammadu al-Gamba, wanda ake ce wa Baba. Amma zangon da muka sani yau bai yi ƙarfi ba sai bayan da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, fataken goro suka watsu suna neman inda za su sauke kaya, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, har Hausawa da Mosawa da Yarabawa da Wangarawa suka taru suka cika tsohon Zango, daga baya suka malala zuwa Sabon Zango da Aboabo da Asawase. Waɗannan mutane, ban da hajarsu, sun zo da littattafan fiƙihun Malikiyya a cikin gafaka, kuma a cikin waɗannan littattafai ne almajirin zango ya fara jin sunan shaɗaranji.

Ya ji sunan ne a babin hani. Muwaɗɗa ta kawo cewa Imamu Malik ya ƙi wannan wasa, bai ga alheri a cikinsa ba; Risala ta Ibnu Abi Zaid ta haɗa shi da wasan nardu cikin abin da bai halatta ba; Muhtasar na Halil kuma ya sa dawwama a kansa cikin abubuwan da ke zubar da shaidar mutum a gaban alƙali. Saboda haka malami yakan fassara wa ɗalibinsa hukuncin ya wuce, alhali kuwa da wuya a sami wanda ya taɓa ganin allon da idonsa a cikin su biyun. Imamu Shafi'i ya sassauta, ya bar shi a matsayin makaruhi muddin babu caca, babu alfasha, bai kuma shagaltar daga salla ba, amma mazhabarsa ba ta yi rinjaye a ƙasashenmu ba. A Barno dai an sami wani reshe na wasan da ake kira tsatsarandi, wanda Turawan mulki suka rubuta labarinsa a shekarun 1930, sai dai bai bi ayarin fataken goro na Gwanja ba.

Abin da ya bi ayarin shi ne dara, wadda ba ta bukatar komai sai ƙasa da tsinke da tsakuwa: a haƙa gidaje talatin, jeri biyar sau shida, kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, a fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga turawa, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. A Kumasi ta tarar da wasan oware na Asantawa, daga baya kuma dame ta zo da allonta mai gida ɗari, ta mamaye gindin bishiyoyi da tashoshin mota, har ta zama ita ce wasan da dattawa ke zama a kansa tsakanin la'asar da magariba.

Da malaman zango sun sami littattafan da aka wallafa kan shaɗaranji a Bagadaza kamar yadda suka sami na fiƙihu, da sun ga cewa mutanen daular Abbasiyya sun mai da shi fanni mai ƙa'idoji da darajoji. Al-Adli ya rubuta littafinsa wajen shekarar 840, ya kasa 'yan wasa aji biyar, ya tsara hanyoyin buɗe wasa waɗanda suke kira ta'abiyya, ya kuma tattara mansubobi. Mansuba ita ce a jera 'ya'ya kaɗan a kan allo kamar wasa ya kusa ƙarewa, a ce wa mai koyo, ga halin da kake ciki, nemo hanyar da za ka ƙure sarkin abokin gaba, ya rasa gidan gudu, cikin motsi kaza. Bayansa Abubakar as-Suli ya zo, wanda ya doke al-Mawardi a gaban Halifa al-Muktafi, ya zama abin buga misali a gwaninta, ya rasu a Basra wajen 946. Ya bar wata mansuba mai wuya ƙwarai wadda ba a warware ta sarai ba sai a shekarun 1980, a hannun gwanin Rasha Yuri Averbakh, wato bayan shekara dubu.

Wadda ta fi shahara ita ce mansubar Dilaram. Hikaya ta ce wani basarake ne ya yi caca da dukiyarsa har ta ƙare, ya sa matarsa Dilaram a matsayin abin ci, wasa ya juya masa baya har saura motsi ɗaya a ƙure sarkinsa, sai matar ta hango mafita ta ce masa ya ba da manyan 'ya'yansa biyu masu tafiya miƙe, ya bar ta. Ya ba da na farko, giwa ta tsallaka ta buɗe hanya, ya ba da na biyu, ɗan dakare ya matsa, doki ya rufe a motsi na biyar, basaraken ya ci wasan. Wanda ya dubi farkon wannan hikaya zai ga ainihin abin da fuƙaha'u suka ji wa tsoro, ba kuwa zan ce tsoronsu ba shi da dalili ba. Amma wanda ya dubi ƙarshenta zai ga ilmin da ke cikin wasan, wato mutum ya iya hangen abin da zai biyo bayan motsi huɗu, har ya yarda da hasarar da ido ke gani saboda ribar da hankali ya riga ya tabbatar.

Ni dai ina ganin mutanen Bagadaza sun dace da hanyar koyarwa. Wanda yake buga wasa cikakke daga safe har dare, kuskurensa na jiya shi yake maimaitawa yau, domin ba ya sanin wurin da ya ɓata. Mansuba kuwa amsarta ɗaya ce, ba ta karɓar uzuri, tana kuma tilasta wa ido ya saba da siffofin da ke dawowa kullum, irin su doki ya kai wa biyu hari lokaci guda, ko ɗa ya kasa motsi saboda sarkinsa na bayansa, ko sarki ya shaƙe a tsakanin mutanensa. Haka malamin gado yake yi, ba ya jiran wani ya mutu kafin ya koyar da fara'il, sai ya ƙirƙiro mas'ala, ya ce mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa, ɗalibi ya raba, gobe ya kawo wata, har lissafin ya zauna masa a ka.

Mansubobin nan sun ƙetara ta Andalus, inda Sarki Alfonso na 10 ya sa aka tara 103 a littafinsa na 1283, mafi yawansu daga Larabawa. A ƙarshen ƙarni na 15 Turawa suka sake dokoki, suka mai da waziri mai taku ɗaya sarauniya mai ratsa allo, kuma wannan sabon tsari shi ne ya iso Ghana. Yau saurayi a Aboabo ko Asawase yana iya buɗe shafin Lichess a wayarsa ya sami dubban mas'aloli kyauta, an jera su daga ƙurewa cikin motsi ɗaya zuwa masu tsawo, abin da as-Suli ba ya samu sai a fadar halifa. Aibin wayar shi ne gaggawa, domin tana saba wa yatsa da taɓawa kafin lissafi ya cika, yaro ya yi ta canki-canka har ya dace. Shawarata gare shi ita ce ya kwafi mas'alar a kan allo na katako, ya naɗe hannunsa, kada ya taɓa ko ɗa ɗaya sai ya faɗi motsin duka da bakinsa, tare da kowace amsa da abokin gaba zai iya bayarwa, in kuma ladan ya kira salla ya bar ta a jere ya tashi.