Lambun Agodi: Wurin Yawon Sallar Yaranmu a Ibadan

Jama'ar Sabo, da yawanmu mun taso ana kai mu Lambun Agodi yawon Sallah, amma kaɗan ne suka san tarihinsa. An buɗe shi a 1967, a ƙasan tudun Mokola, kusa da unguwarmu da aka kafa tun 1916. A lokacin akwai namun daji da manyan itatuwa, iyaye kan shimfiɗa tabarma a inuwa, yara suna ta guje-guje.

A watan Agustan 1980 kogin Ogunpa ya yi ambaliya, ya ci rayuka da gidaje, ya kuma lalata lambun. Ruwan sama ya yi yawa, amma sharar da ta toshe magudanai ta ƙara ta'azzara ɓarnar. Wurin ya daɗe a yashe, har gwamnatin Abiola Ajimobi ta gyara shi, aka sake buɗewa a 2014.

Don haka idan muka kai yara, mu ba su wannan labari, mu kwashe ledojinmu kafin mu tashi. Allah Ya raya mana zuri'a.