Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Abin da Tankar Tiger Ta Koya Mini

Na tashi a garejin mahaifina, inda na sha jin yana cewa motar da ba a samun kayan gyaranta gawa ce da ba a binne ba. Na ɗauki maganar zancen makanikai ne kawai, sai da na fara nazarin Yaƙin Duniya na Biyu na tarar ita ce ta bayyana mini makomar tankar yaƙi mafi shahara da Jamus ta ƙera a wancan zamani.

Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar tankoki. Duk da haka, hafsoshinta sun yi atisaye a ɓoye kusa da Kazan a Tarayyar Sobiyet, har irin su Heinz Guderian suka gina dabarar kai hari cikin sauri da rundunar tankoki. Da ita suka durƙusar da Faransa cikin makonni shida a 1940. Amma da suka afka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, sai suka yi karo da tankar T-34, wadda harsasan yawancin igwoginsu ba sa huda ta.

Wannan firgici ya sa aka gaggauta fito da Tiger a 1942 daga masana'antar Henschel da ke Kasel. Nauyinta ya kai tan 57, kaurin sulken gabanta milimita 100, bakin igwarta milimita 88. Takan hallaka tankar abokan gaba tun daga nesa, kafin waccan ta matso inda harbinta zai yi tasiri.

To, me ya hana ta ceton Jamus? Amsar tana gareji. Nauyinta ya fi ƙarfin ƙananan gadoji, yana kuma gajiyar da inji da giya. Ƙafafunta an jera su ne suna shiga juna, saboda haka taɓo kan daskare a tsakaninsu lokacin hunturun Rasha, kuma gyaran ta ciki sai an kwance na waje. Ga shan mai, a ƙasar da mai ya yi wa ƙaranci. Da yawa sojojin da ke cikinsu ne suka fasa su da hannunsu suka tsere, domin ba halin jan su.

Sannan ga lissafi. Zuwa 1944 da aka daina ƙera ta, Tiger ba ta kai 1,400 ba. Amurka kuwa ta ƙera Sherman kusan 49,000, Sobiyet ta fitar da T-34 sama da 50,000. Magabata sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Jamus ta bayan yaƙi ta ɗauki darasi. Leopard 1 ta 1965, mai nauyin tan 40 ko kusa da haka, ta fifita sauri da sauƙin kulawa, aka kuma tsara Leopard 2 ta 1979 yadda za a ciro injinta a sauya cikin ɗan lokaci. A 2023 aka aika da ita Yukiren, nan take maganar kayan gyara ta sake tasowa.

A yau Tiger guda ɗaya tak ce ke iya tafiya da injinta, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a 1943, tana gidan tarihi na Bobinton a Ingila. Makanikai ne suka tashe ta, su ne kuma ke riƙe da ita. Da mahaifina ya ji haka, da ba zai yi mamaki ba.