Zina Garrison

Zina Lynna Garrison (an haife ta ranar 16 ga Nuwamba, 1963, a birnin Houston) tsohuwar ƙwararriyar 'yar wasan tanis ce 'yar ƙasar Amurka. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul ta ci lambar zinare a wasan bibbiyu tare da Pam Shriver, da ta tagulla a wasan ɗaiɗai. Ta kai matsayi na 4 a duniya a 1989.

A gasar Wimbledon ta 1990 ta fitar da Monica Seles da Steffi Graf, amma Martina Navratilova ta doke ta a wasan ƙarshe. Ita ce Ba'amurkiya baƙar fata ta farko da ta kai wannan mataki tun bayan Althea Gibson a 1958.