Maƙeran Agadas da Tushen Siffofin Adonsu

Agadas, babban birnin ƙasar Abzin a Jamhuriyar Nijar, ya daɗe yana zangon ayarin da ke ratsa Sahara tsakanin Kano da Tarabulus. Cikin abubuwan da suka fitar da sunansa har da abin wuya na azurfa wanda Faransawa suka laƙaba wa suna "gicciyen Agadas", Abzinawa kuwa suke kiransa *teneghelt*. Masu ƙera shi su ne *inadan*, maƙeran gado masu aure a tsakaninsu. Mazansu na aikin ƙarfe da itace, matansu na dukanci. Tarihin wannan ado ya nuna cewa basirar maƙeri ta dogara ga abin da fatake suka kawo masa, da abin da yake gani a kewayensa, da abin da mai saye yake so.

Yawancin azurfar da maƙeran suke narkawa a da daga tsabar kuɗi take fitowa, musamman dalar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Taraza. An ci gaba da buga ta da shekarar 1780, wato shekarar rasuwar sarauniyar, kuma nauyinta ya kai wajen giram 28. Maƙeri yakan fara siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Da yake sai an fasa yumɓun kafin a ciro abin, kowane zubi na bukatar sabon siffantawa, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai.

Maƙerin da ke yin abin wuya shi ne ke yin sirdin raƙumi mai goshi mai rassa uku, da *takoba*, wato takobi, da gidan laya na azurfa. Don haka zane-zanen da ke kan ɗaya sukan ɓulla a kan sauran: alwatika, da'ira da ɗige-ɗige. Wasu zanen suna ɗauke da sunayen abubuwan daji, kamar idon hawainiya da sawun dila. Game da asalin siffar gicciyen kanta, masana sun sha bamban. Wasu sun danganta ta da tsohuwar Masar, wasu da Kiristancin Arewacin Afirka, wasu da layun tsari daga kambun baka.

Wata siffar kuma ta teku ta zo. A ƙarni na 19 masu sassaƙa duwatsu a garin Idar-Oberstein na Jamus suna yin jan dutse mai siffar alwatika da zobe a samansa domin kasuwannin Afirka. Abzinawa suna kiransa *talhakimt*. Maƙera suka riƙa ɗaure irin wannan jan dutse cikin azurfa, kamar yadda ake gani a abin wuyan Ingal.

Fari na 1973 da na 1984 ya kashe dabbobin manyan gidajen da maƙera ke yi wa aiki. Da yawa suka koma Agadas da Yamai, inda masu yawon buɗe ido suka zama manyan masu saye. A rabi na biyu na ƙarni na 20 ne aka daidaita jerin gicciye 21 masu sunayen garuruwa, irin su Iferwan, Timiya, Tawa da Damagaram, ana sayar da su tare. Wannan jeri ƙirƙirar kasuwa ce ta kwanan nan, ko da yake wasu siffofinsa tsofaffi ne. Mai nazarin adon Abzin yana bukatar ya rarrabe tsakanin shekarun siffa da shekarun sunan da aka ba ta, domin sau da yawa ba zamaninsu ɗaya ba.